A Ɗaga Mini Waya, Jinkata Ta Wuce

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar da ke Kula da Dam da Gandun Tsuntsaye na Rafin Kanya,
ta hannun editan jarida, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da dukan waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba. Sunana Asabe, matar marigayi Malam Sale mai baibaya, ta ƙauyen Gangaren Kanya a ƙasar Birnin Kudu, can ta wajen Kangire in an nufi hanyar Gwaram. In ka tambayi ma'aikatanka za su ce maka wannan ƙauye ya tashi. Gaskiya suka faɗa, ya tashi, amma saura gida ɗaya. Ni ce a cikin gidan nan, ni da uwar mijina, Inna Tabawa, tsohuwa ce da idanunta suka yi rauni. Ruwan dam ya kewaye mu ta gefe uku, wayarku mai ƙaya ta rufe na huɗun.

Da ƙafata ya kamata in zo in durƙusa a gabanka, to ina cikin takaba, ba ni da ikon fita yawon ofis. Ƙanen mijina, Idi, ya je a madadina. A ofishin bakin dam aka ce masa maganar ta Birnin Kudu ce. A Birnin Kudu aka ce ta Kano ce. A Kano ya yini a kan benci, da yamma aka ce masa ka fita rangadi. Shi ya sa na ɗauki fensir da kaina. Karatuna ba shi da yawa, iyakarsa ajin yaƙi da jahilci da aka yi wa matan aure a gidan dagaci tun ina da goyon fari. In ka ga kuskure a rubutuna ka yi haƙuri, ka duba maganar.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, zan faɗe shi tun yanzu don kada tsawon takarda ya ɓoye shi. Ina so a kwance waya tsakanin turaku biyu, na safiya ɗaya tak, mazan garinmu su fitar da jinkar ɗakina su kai ta sabon gari. Shi ke nan. Sauran abin da zan rubuta bayani ne na yadda aka yi mace mai takaba ta zo tana roƙon a ba rufin ɗaki hanya.

Na farko: yadda aka rufe da mu.

Ni ba maƙiyiyar dam ba ce. Na ga shekarun fari da idona, na ga shanun Fulani suna faɗuwa a bakin rijiyarmu, na ga mata suna yashe ƙasan rafi da ƙoƙo tun asuba. Da masu awo suka zo da tutocinsu, a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, aka ce za a tare ruwa ya zauna rani da damina, mu mata guɗa muka yi. Ruwan ya zo ya cinye fadamarmu, da raken mijina da 'yar gonar albasata, ban yi kuka ba. Tsuntsaye suka biyo ruwan, irin waɗanda da sai jefi-jefi muke gani: dinya, zalɓe, gauraka, da kirinjijiya masu fito in sun tashi. Marigayi yakan tsaya da alwala a hannunsa yana sauraronsu, ya ce da ni, "Asabe, ji 'yan makarantar nan sun taso."

Daga baya aka zo aka ce bakin ruwan duka zai zama gandu, wurin hutawar tsuntsaye da namun daji, da kuma wurin shan iskar mutanen birni. Aka ce mu koma kan tudu, bayan inda waya za ta bi. Dagaci ya tara maza, aka yarda a tashi bayan an kai amfanin gona gida. Sabon wurin aka sa masa suna Tudun Kanya.

Watakila a birni ba a san yadda muke tashi ba, bari in faɗa. Mu ba ma barin jinka. Bango ƙasa ce, ko'ina aka je akwai ƙasa. Amma jinka, da tsaikonta na gora da ciyawarta, aikin watanni ce. In za a tashi, sai a yi gayya, maza su shiga ƙarƙashinta su ɗaga ta ɗungurungum daga kan bango, su tafi da ita a ka. In ka hango daga nesa ba ka ganin kowa, sai rufin ɗaki yana tafiya da ƙafafu barkatai. Haka aka kwashe Gangaren Kanya, ɗaki bayan ɗaki, ta wata kafa mai faɗi da masu kafa waya suka bari ta arewa.

Mijina shi ne mai baibayar garin. Duk jinkar da za a ɗaga, shi ne zai zagaya ya taɓa tankarta, wato kewayen ɗaurin da ke riƙe da gorar, ya ce za ta kai ko ba za ta kai ba. Wadda ta ruɓe, shi zai ɗaura sabuwa a can. Namu ɗakin ya gina bangonsa a Tudun Kanya da hannunsa, ya shafe shi, har ya yi mini 'yar taga ta gabas saboda na ce ina son hasken safe. Saura rufi kawai. Amma duk ranar da ya sa za a ɗauki tamu, sai wani ya yi sallama: yau liman, gobe wata gwauruwa, jibi mai jego da jariri a fili. In na yi magana sai ya ce, "Tamu ai lafiyayya ce, ba guduwa za ta yi ba. Bari mu rufe wa masu jego tukuna." Ban hana shi ba. Da ya ƙi su ma, da na ji kunya.

Ba wanda ya zo ya ce mana ran kaza za a rufe kafar nan. Wata safiya ya fita zai tafi aiki, ya tarar an ja waya an haɗe, an kafa ƙofar ƙarfe da ɗakin sayar da tikiti can nesa a ɗaya ƙarshen wayar. Ya dawo da yamma yana dariya, ya ce, "Inna, an mai da mu namun daji." Ya ce zai yi wa manajan wurin magana in ya gama ɗaki biyun da suka rage masa.

Na biyu: rasuwarsa.

Bai gama na biyun ba. Da hantsi yana kan ƙololuwar wani ɗaki a Tudun Kanya yana ɗaure kanta, gora ta karye da shi, ya faɗo ta ƙeya. Aka sa shi a akori-kura za a kai shi Birnin Kudu, rai ya yi halinsa a hanya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranka ya daɗe, ban ɗora mutuwarsa a kan kowa ba. Ba dam ne ya kashe shi ba, ba waya ba ce, kwana ne ya ƙare. Abin da ke ci mini rai ɗaya ne. Daga Tudun Kanya zuwa gidan nan, da can tafiyar da za a yi ne tuwo bai huce ba. Yanzu sai an bi waya an zagaya har ƙofa, sannan a juyo. Kafin Idi ya zagayo ya same ni ina dakan fura, an riga an sallace shi an kai shi. A wurinmu, kafin a fita da namiji akan kira matarsa ta durƙusa a kansa ta ce ta yafe masa, ta roƙi gafararsa. Ni ban samu wannan ba. Furar da na daka masa ran nan, Inna ce ta ce a ba kaji.

A nan labarin ya same ni, a nan na fara takaba.

Na uku: zamanmu a cikin waya.

Mai takaba da mutane take rayuwa. Su ne za su zo su zauna da ita, su ɗebo mata ruwa, su ja ta da hira har zuciyarta ta yi sanyi. Ni sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in duk a Tudun Kanya aka yi su, a gaban ɗakin da ba rufi, ina nan ina jin labari. Matan garinmu da suka taso za su yi mini gaisuwa, da ƙwaryar gumba a ka, aka tsayar da su a ƙofa aka ce su yanki tikiti kamar yadda masu zuwa shan iska suke yanka. Wata daga cikinsu ta ce, "Ɗan nan, mu gaisuwar mutuwa muka zo." Aka ce mata ba a rubuta wannan a jikin allo ba. Waɗansu suka koma. Waɗansu suka bi gefen waya har inda ta fi kusa da gidana, suka tsaya suna kira. Na fito da mayafina, muka gaisa waya na tsakaninmu. Gumbar ta ƙasan waya aka turo mini ita.

'Yata Talatu tana aure a Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram. Ita kaɗai Allah ya bar mini. Ta zo da tsohon ciki a bayan motar itace. Ita kam ta shigo, ba zan faɗi yadda aka yi ba, domin a cikin masu gadinku akwai masu tsoron Allah, kuma ba na so alherin da wani ya yi mini ya zama sanadin abincinsa. Amma ba a bari ta kwana ba, an ce doka ta hana baƙo kwana a gandu. Ta tafi tana waiwaye. Yanzu haihuwarta ko yau ko gobe, haihuwar fari, kuma al'ada a gidan uwa ake yin wankan jego. Wane gida zan ce ta zo? Wanda ake shiga da tikiti, ko wanda sama ce rufinsa?

Awakina biyu an fitar da su, an ce dabbar gida ba ta zama a gandu. Itace an hana sara, sai abin da ya faɗo da kansa nake tsinta a bayan danga. Birai sun gane ba namiji a gidan, da rana tsaka suke hawa rumbu, in na kore su sai su matsa kaɗan su zauna suna kallona. Duk wannan na haƙura, su ma abinci suke nema.

Ranar Lahadi ce ba na so. Tun hantsi motoci ke shigowa, ƙanana masu ƙyalli, daga Kano da wasu wurare. A shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin kanyar da muke shan inuwa da, a kunna rediyo, a buɗe lemon kwalba, jirgin ruwa mai inji ya yi ta kai da kawo da mutane suna ihu. Ban ce kada su yi murna ba, Allah ya ƙara musu. Amma sukan biyo tsohuwar hanyar gari su ɓullo a ƙofar gidana. Su leƙo ta kan zana. Wata rana ina zaune a tsakar gida da carbi, kaina ba kitso, jikina ba mai, kamar yadda mai takaba take, sai na ji ƙarar abin ɗaukar hoto. Wani saurayi ne da wando mai faɗin ƙafa. Ya ce, "Baba, ki ɗan yi murmushi mana." Na tashi na shige ɗaki. Inna ta tambaye ni wane ne, na ce baƙo ne ya ɓace hanya. Tun ran nan, in Lahadi ta zo, a ɗaka muke yini mu biyu cikin zafin bazarar nan, sai mun ji motar ƙarshe ta tashi.

Na huɗu: ranar da aka ɗauki jinka.

Bayan arba'in na aika wa liman tambaya. Ya ce tun da ɗakin Tudun Kanya na mijina ne, kuma inda nake babu maƙwabci babu mai agaji, ya halatta in koma can in ƙarasa takabata. Idi ya roƙi manaja, ya yarda maza su shigo ranar da ba baƙi. A nan na gode masa, kuma ina so a rubuta cewa na gode.

Suka zo da sassafe, kusan duk wanda mijina ya taɓa rufa wa ɗaki. Na ɗaure kayana, na fitar da Inna inuwa. Suka shiga, Idi ya ba da murya, suka yi salati suka ɗaga. Rabona da ganin cikin ɗakin nan da hasken rana tun bara da marigayi ya sake masa baibaya. Suka kama hanya, ni da Inna muna biye a hankali, tana riƙe da gefen zanena tana tambaya, "Sun kai kuka? Sun wuce rijiya?"

Da suka isa ƙofa, jinka ta ƙi wucewa. Ƙofar an yi ta ne daidai mota ɗaya. Hagu ginshiƙin siminti, dama ɗakin tikiti, sama kuma allon ƙarfe mai hoton tsuntsu da aka rubuta barka da zuwa. Suka gwada ta miƙe, ta fi ƙofar faɗi nesa ba kusa ba. Suka karkata ta, allon sama ya tokare ta. Suka ƙara karkatawa, sai muka ji tanka ta fara ɗas, ɗas. Idi ya yi ihu, "Ku sauke! Ku sauke, za ku karya masa aiki!" Wani ya ce a ɗaga ta ta saman waya, aka duba aka ga wayar ta fi tsawon mutum da hannunsa a miƙe, ƙayarta kuma za ta yage ciyawar tas.

Dattawa suka je wurin manaja suka ce ga turaku nan, a kwance waya tsakanin guda biyu, in an wuce su da kansu za su mayar su ɗaure. Ya ce wallahi ba shi da iko. Ya ce ɗan kwangilar da ya kafa ta ya gama ya tafi, kuma taɓa waya sai da izini daga Kano. Ban ga alamar mugunta a fuskarsa ba, tsoro na gani. Aka yi ta magana har rana ta take. Jinka tana zaune a tsakiyar hanya, mazan gari suna tsugune a inuwarta.

Daga ƙarshe suka sake yin salati, suka ɗaga, suka juyo da ita. Suka mayar da ita kan bangon da suka ɗauke ta, suka daidaita. Inna ta shafa bango ta ɗaga kai ta ce, "To, yau jinka ma ta je shan iska ta dawo." Maza suka yi dariya, waɗansu suna share ido da hula. Ni kuwa na shiga na kwance ƙullin kayana ɗaya bayan ɗaya.

Na biyar: don me ba zan bar ta in tafi ba.

Na san za a yi wannan tambaya, domin an yi mini ita. Amsa ta fari, ba ciyawa. Duk shucin da ake baibaya da shi a ƙasarmu a bakin rafin nan yake fitowa, yanzu kuwa yana cikin gandu, an hana yanka. Ɗan abin da aka tara kafin a rufe ya ƙare a kan ɗakunan mutane. Gora ma haka. In an ce a warware wannan a fitar da ita guntu-guntu, ciyawar da ta sha rana da hayaƙi ba ta komawa, marmashewa take yi a hannu. Mai ɗaura tsaiko irin wannan kuma a garinmu mutum ɗaya ne, yana kwance a maƙabartar Tudun Kanya.

Ta biyu, an gaya mini a fili cewa duk ginin da aka bari ba kowa a cikin waya ya zama na gandu. Ashe ran da na sa ƙafa na fita, na fita ke nan, ba ni ba jinka. Zamana a nan shi ne kaɗai abin da ke riƙe da ita. Idi ya ce mu zo mu raɓa a wurinsa. Ɗakinsa ɗaya, da matarsa da 'ya'ya biyar. Zan iya raɓawa na wata ɗaya ko biyu, amma in damina ta sauka a kan bangon da ba rufi, zai narke ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. Daga nan ni da tsohuwar nan mun zama 'yan raɓe har ƙarshen ranmu, Talatu kuma ba ta da gidan uwa.

Ta uku ba hujja ba ce da za a kai ofis, amma zan faɗa. Tsaikon jinkar nan shi ya ɗaura shi da zai aure ni. Bara da ya ji za a tashi, ya sauke tsohuwar ciyawa ya yi mata sabuwar baibaya, ya ƙara mata tanka don ta jure tafiya, ya ce, "Wannan da ita za mu tsufa." In na kwanta na ɗaga ido, ina ganin kowane ƙulli da ya yi. Basillarsa tana nan soke inda ya bar ta. Ban ga fuskarsa ran da ya tafi ba. Abin da ya rage mini da hannunsa ya taɓa, shi ne wannan.

Na shida: shamuwa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce ba zan ƙara jira ba, na zauna rubutu.

Shamuwa ta iso. Kowa ya san in ta iso ruwa ya kusa. Da can a kan tsamiyar masallaci suke sheƙa, to an sare tsamiyar an yi wurin ajiye motoci. Kwanan baya na fito da safe na ga guda biyu a kan ƙololuwar jinkata, ɗaya da tsinke a baki. Tun daga ran nan suke kai da kawo, suna jera ƙirare.

Akwai wani ma'aikacinku mai kula da tsuntsaye, yana yawo da madubin hangen nesa a wuya. Yaro ne mai ladabi, kullum sai ya yi sallama ya gai da Inna. Da ya ga shamuwar nan murna ta kama shi, ya je ya kira manaja. Suka tsaya a ƙofar gida suna kallon sama suna magana, rabi Hausa rabi Turanci. Abin da na fahimta, ɗakin ya ba su sha'awa. Manaja ya ce mini, ta bayan zana, ai da ma baƙi suna yawan tambayar ɗakin nan, ga shi yanzu har da shamuwa a kai. Ya ce in na tashi ba za a rushe shi ba, za a gyara shi ya zama wurin da baƙi za su zauna su ga yadda mutanen da suke zama. Ya ce zai rubuta a taimaka mini da kwanon rufi. Na tambaye shi yaushe, ya ce in an amince. Mai madubin kuma ya ƙara da cewa, da zarar tsuntsuwa ta yi ƙwai, dokar gandu ta hana a taɓa inda sheƙarta take har 'ya'yan su tashi.

Ranka ya daɗe, ni ba mutanen da ba ce. Ina nan da raina, ina dafa tuwo a gidan nan kullum.

Kuma ba sai an karanta mini doka a kan shamuwa ba. Tun muna yara aka hana mu jifanta. Baƙuwar gari ce, gidan da ta zaɓa ana yi masa barka. Mijina ya sha fasa gyaran ɗaki saboda ya tarar da ƙwan tsuntsu a ciki, mai ɗaki yana faɗa, shi yana cewa a bar su su fashe. Jiya na sa turmi na hau na leƙa daga nesa. Ƙirare ne kawai, ba ta yi ƙwai ba tukuna. In aka ɗauki jinkar yanzu, asarar 'yan tsinke kawai za ta yi, ga kuka nan kusa da ruwa, za ta koma can ta sake. Amma kwanakin da suka rage ba su da yawa. Macen ta fara daɗewa a zaune.

Don haka ga roƙona, ina durƙushe:

Ɗaya. A ba manaja izini a rubuce ya kwance waya tsakanin turaku biyu ta arewa, inda tsohuwar kafa take, na safiya ɗaya. Mazan Tudun Kanya sun ce ko yaushe aka kira su za su zo, kuma su za su mayar da wayar a gaban ma'aikatanku. Ni da Inna za mu bi bayan jinka mu fita, ba za ku sake jin kanmu ba.

Biyu. Kafin izinin ya zo, a bar masu zuwa gaisuwa su shigo ba tikiti. Ba su da wuyar ganewa, ba sa zuwa da rediyo.

Uku. A roƙi baƙi su daina leƙe ta kan zana. Wanda ya ɗauki hotona kuma, in wannan jarida ta kai gare shi, don Allah ya yaga. Ba a ajiye hoton mace a cikin takabarta.

Ban nemi a fasa gandu ba. Ban nemi a kori kowa daga aiki ba. Kwanon ma na yafe, a ba wanda ba shi da jinka.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, ranka ya daɗe, in takardar nan ta daɗe a kan teburinka. In izininka ya zo bayan shamuwa ta yi ƙwai, kada ka wahalar da kowa, ba sai mai madubi ya hana ba. Ni da kaina zan tsaya a ƙofar ɗaki in ce wa Idi da mutanensa su koma. Ba zan zubar da ƙwan uwa don in samu rufi ba, mai jinkar ma da yana nan ba zai yarda ba. Sai in zauna a ƙarƙashinta, ita a sama ni a ƙasa, muna jin ruwa yana sauka. Ita 'ya'yanta su fashe su yi fiffike su tashi. Ni kuwa bangon da ya gina mini a kan tudu, da 'yar tagarsa ta gabas, ya narke ina nan.

Yau da la'asar hadari ya haɗu ta wajen Gwaram, iska ta watsa shi. Inna ta ji ƙanshin ƙasa, ta tambaye ni ko an amsa. Na ce mata takardar tana hanya.

Allah ya ba ka ikon duba wannan magana da wuri. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya raya maka zuriya, ya sa kada wani naka ya taɓa karɓar gaisuwar mutuwa ta ƙasan waya. Allah ya albarkaci ruwan nan da duk mai shan sa, mutum da tsuntsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Ni ce mai jiran amsarka,
Asabe, matar marigayi Malam Sale mai baibaya,
gida na ƙarshe, Gangaren Kanya.